Mabiyiyar da 'Yardada Ta Kife

Duk lungunan Ƙofar Na'isa da wuya ka nuna yaron da ba 'Yardada ce ta yanke masa cibiya ba. Unguwarzoma ce tun haƙoranta na cike, ga baki kamar reza. In mace ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki goyo bai isa yaye ba, ta sha gori a wurinta. Wadda kuma ta je asibiti aka sa mata ashana a dantse don tazarar haihuwa, ita ma ba ta tsira ba, sai tsohuwa ta ce ga waɗanda suka fi Allah iya tsari. To yaya take so mata su yi? Ba a taɓa samun wanda ya ji amsar daga bakinta ba.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, binne mabiyiya. Yadda ta gada wurin kakarta, a wanke ta tas, a haƙa rami a bayan ɗaki, a kwantar da ita cibiya na kallon sama. In aka kife ta, in ji mutanen da, mai jegon ta gama haihuwa ke nan har abada.

Sai ga autarta Na'ima ta zo haihuwa, ta shida cikin shekara tara. Jini ya ɓalle, aka kwashe ta a adaidaita sai asibiti, sai da aka ƙara mata leda huɗu. Likita ya ce wani cikin nan kusa yana iya tafiya da ita. Aka miƙo wa 'Yardada mabiyiya a ƙulle ta taho da ita gida.

Ta daɗe a tsugune bakin ramin. Shekara talatin tana zagin masu tsayar da haihuwa, yau ga ta. Amma fuskar Na'ima kawai take gani, leɓe a bushe, ido ya juye. Ta yi bismilla, ta rasa ko bismilla ta dace da wannan aiki, ta kife abin ta tura ƙasa.

Shekara ɗaya, biyu, har ta uku, Na'ima shiru. Ta murmure, ta koma ɗinkin hularta. 'Yardada kuwa sai ramewa take. Kullum tana istigfari, amma in ta zo cewa ta yi nadama sai harshe ya ƙi, don ba ta yi ba. Sau biyu tana zuwa zauren Malam Hambali da niyyar tambaya, ta ɓuge da tambayar azumin tsofaffi.

Wata Juma'a Na'ima ta zo gida, tana tsince mata shinkafa, sai tsohuwa ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Na'ima ta ajiye tire. Ta kamo hannun uwar ta ɗora a dantsenta na hagu. Wani ɗan siririn abu ya motsa ƙarƙashin fata.

"Inna, tun ranar arba'in aka sa min. Baban yaran ne ya raka ni, bayan ya tambayi malaminsu. Tsoron bakinki ya hana mu faɗa miki."

'Yardada ta buɗe baki za ta yi faɗan da ta saba, ta tuna ramin bayan ɗaki, ta rufe.

"To wanne ne ya yi aikin, nawa ko naku?"

"Za mu gani ai. Wata mai kamawa za a cire. Likita ya ce jikina ya yi ƙwari, muna son ƙarin ɗaya."

"Naku ana cirewa," in ji tsohuwa a hankali. "Nawa ya zama ƙasa."

Da la'asar ta idar da sallah ta ɗaga hannu. In Na'ima ta samu ciki, jinin nan yana iya dawowa. In ba ta samu ba, uwarta ce ta rufe ta da hannunta. Hannuwan suka daɗe a sama har suka gaji, ba ta san wanne za ta roƙa ba. Ta shafa a fuska haka nan, ta ce amin.