Tabon Babe

Shekarar da na yi ƙarambau ina aji uku na firamare a Ɓaɓura. Ciwon ya warke, amma ya bar mini ɗige-ɗige baƙaƙe a fuska. Ranar da na koma makaranta wata yarinya ta ce da ni zabuwa, kafin a tashi tara sunan ya bi aji. Na dawo gida na cusa jakata ƙarƙashin gado, na rantse ni da boko har abada. Babanmu ya yi faɗa, innarmu ta yi lallashi, ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Sati biyu ban leƙa ba.

Kakata Iya Abu kuwa sana'arta suyar fara, wadda ake kawo mata buhu-buhu daga Nijar. Bayan magariba mukan kewaye murhunta mu jikoki, muna cire fukafukai da ƙafafu, ita kuma tana biyanmu da tatsuniya. Rabin abin da muka gyara a cikinmu yake ƙarewa.

Wani dare ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafa shida."

Muka ce, "Ta sauka mu kama ta."

Wai an yi wata cuta a garin ƙwari, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Ƙaya na karce ƙwaro sai ta bi ta wurin ta shige, kwana uku a ɗauki gawa. Kunama ta ɗaga ƙari, ba ta ga abin harbi ba. Rina ta yi ta zagaye har ta gaji. Sai Babe, babban cikin fara, ya tafi marina neman taimako. Marini ya ce shi ba shi da magani, sai ruwan baba na rini. Babe ya ce a ba shi hakan, ya shanye ludayi guda.

A hanyar gida ƙaya ta soke shi a ƙirji, cutar ta faɗa ciki tana murna. Nan take baban nan ya taso ya kewaye ta, ya daskare a kanta, ta rasa gaba ta rasa baya. Babe ya tashi garau, sai dai baƙin tabo a wurin. Masu sumul ɗin jiki suka yi ta yi masa dariya. Da damina ta faɗi aka zo ƙirga waɗanda suka rage, ba a samu kowa ba sai masu tabo.

"Ƙurunƙus kan fara," in ji Iya. Ta lalubo wata a cikin kwano, ta kara ta kusa da wuta. Ga baƙin ɗigo a gefen ƙirjinta. Ta dube ni ta ce, "Rabi, ƙawata, wannan ta yi faɗa ta ci. Ke naki nawa ne?"

Na ce ban ƙirga ba.

"To ƙirga. Gobe ki gaya wa mai kiranki zabuwa."

Ashirin da uku na samu a madubin innarmu. Da safe na zaro jakata.

Ina jami'a malaminmu ya nuna mana tsutsar da aka sa wa ƙwayoyin cuta, wurin ya yi baƙi ƙirin. Ya ce jinin ƙwaro kan haɗa wani launi mai suna melanin, ya lulluɓe ƙwayar cutar, ya toshe raunin, gubar da ke fita wajen haɗa shi kuma ta kashe ta. Dangin launin nan ne a fatarmu, ko da yake tabon mutum ba haka yake aiki ba. Na fashe da dariya ni kaɗai, har malam ya tambaya ko lafiya.

Da hutu na garzaya na ba Iya labari, bayan na daɗe rabona da gida. Ta tsufa a lokacin, ta bar suya. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Ashe gaskiya na faɗa? Ni fa a wurin na ƙirƙiro ta. So nake kawai ki koma makaranta."

Yau ni ke koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Kazaure, tabo uku sun rage mini a kumatu, kuma ina son su. Nakan yi tunanin da Iya faɗa ta yi mini kamar kowa, da jakar nan ta ruɓe a ƙarƙashin gado. Na faɗa mata haka a ranar da na kai mata labarin, idona ya cika da hawaye. Ta ture ni da sandarta.

"Cewa na yi ki koma," in ji ta, "ban ce ki ƙi dawowa ba."