Zaman Manniru Tela

Duk wanda ya zauna a Mararaba shekaru ashirin da suka wuce ya san ƙarar almakashin Manniru. Tela ne mai yawo, keken ɗinki a kafaɗa, yana kaɗa almakashi don matan cikin gida su ji su fito da yagaggun kaya. Da ƙafa yake kaiwa Masaka ya dawo, ya sha fura a gindin mangwaro, ya yi salla duk inda lokaci ya riske shi. Amma bakinsa bai rabu da mita ba, wai yaushe Allah zai ba shi wurin zama kamar sauran mutane.

Allah kuwa ya ba shi. Ya samu shago a kasuwar Wuse, da kujera mai laushi, da keke mai aiki da lantarki. Manniru ya zauna, zama irin na ramuwar gayya. Abinci a kawo masa, zare a aiko masa, safe da yamma kuma yana dunƙule cikin bas a cunkoson hanya. Shekara goma sha shida ke nan.

Da bayansa ya fara ciwo, sai ya ɗora laifin a kan keken da ya yi ta saɓawa a kafaɗa, ya ƙara lafewa a kujera don ya huta. Maƙwabciyarsa Madam Patricia, mai sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya, ta shigo da kwalabe.

"Oga Manniru, wannan supplement yana gyara ƙashi sosai. Ka sha morning and evening."

Ya sha na man kifi, ya sha na ƙarfin ƙashi, har kwalabe suka fi ƙullin zare yawa a kan teburinsa. Ciwon dai sai da ya sauko ƙafa. Ruku'u ya gagara, sujada ta gagara. A masallacin kasuwa aka ajiye masa farar kujerar roba a gefen sahu tare da tsofaffi, shi da bai wuce hamsin da biyu ba. Wannan ne ya fi ci masa rai, don goshinsa ya yi wata tara bai taɓa ƙasa ba.

Matarsa Turai ce ta matsa ya je asibiti. Likita ta ɗaga hoton bayansa ta nuna masa 'yan faya-fayan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwa kamar matashin kai, biyu sun shanye sun lotse.

"Malam, motsi ne abincinsu. Ƙwayoyin nan ba za su yi maka tafiya ba."

Kewar Mannirun da, wancan matashin mai faso a dunduniya, ta kama shi, wanda ya yi ta rainawa alhali yana cikin ni'ima.

Ya fara sauka daga bas tun kafin kasuwa, yana takawa a hankali, yana miƙewa daga keke bayan kowace riga. Bayansa bai koma yadda yake ba, likita ma ba ta yi masa wannan alkawarin ba.

Wata Laraba da azahar ya ture kujerar, ya shiga sahu. Da aka kai sujada ya sauka da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Liman ya ɗago, kowa ya ɗago, Manniru bai ɗago ba. Abdulmajeed mai sayar da yadi, da ke gefensa, ya tsorata har ya kusa yanke salla, sai ya ga kafaɗunsa suna rawa. Kuka yake yi, goshinsa a ƙasa.