Kawu Gangare da Motar da Ba Ta Turuwa

Kawuna katifu yake ɗauka daga masana'anta ya kai shaguna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin motarsa ta tashi da makulli ba. Shi ya sa unguwa ta raɗa masa Kawu Gangare: duk inda zai tsaya, ko gaisuwar mutuwa ce, sai ya zagaya ya nemo gangare. Ƙofar gidansa kuwa a shimfiɗe take kamar faranti. Don haka kullum da safe matarsa, Inna, take cin ɗamara ta dafa bayan mota, ta tura, ya wuce ya bar ta cikin hayaƙi. Abin yana ƙona mini rai. Shi kuwa har yabonta yake a majalisa, wai ta fi sabon batir.

Ran da tsohuwar motar ta mutu murus, bayan Inna ma ya kusa bin ta. Likita ya ce in ta sake tura mota, to ta shirya kwanciya.

Tare suka je wurin dillali. Ya nuna musu motocin kaya biyu, duk na hannu: ƙarama mai araha wadda sai an lallaɓa take tashi, da ƙatuwa mai tsada da ke tashi bugu ɗaya. Kawu bai buɗe inji ba, bai leƙa taya ba. A iliminsa kowace mota mai mutuwa ce, abin dubawa kawai nauyinta a kafaɗa. Ya tura ƙaramar da hannu ɗaya, ta tafi sumul. Fuskarsa ta washe.

"Kin gani? Wannan ko da ciwon baya..."

Inna ta je bayan ƙatuwar, ta dafa, ta ɗan yunƙura. Ko gezau.

"Malam, wannan za ka saya."

"Ba ta turuwa fa, ga tsada. Ran da ta ƙi tashi fa?"

"Ran nan sai ka koyi hanyar gidan bakanike."

Ya yi ƙunƙuni har dillali ya ji tausayi ya yi ragi, aka sallama. Kawu ya shiga, ya sa giya, ya ƙura wa madubi ido yana jiran a tura. Babu kowa a baya. Inna tana gefensa, tana shafa kujera.

"Murɗa makulli, Malam," ta ce. "Tun da ka aure ni bayan motarka kawai na sani. Yau ina so in ga inda take zuwa."