Kawu Bala Ya Ajiye Jita

Zuwa ga ma'abota wannan dandali mai alfarma: likitocinmu da masu jiran zama likitoci, 'yan jaridarmu da ke karanta wa duniya labari sannan su yi gyangyaɗi a bas, ɗaliban ilimi da ɗaliban biza, da iyayenmu mata masu leƙa shafina a ɓoye su aika rahoto gida. Bawanku Nasiru, wanda ba a taɓa raba shi da dogon zance ba, yana neman izinin tsayawa a gabanku.

Da safiyar nan labari ya iso ni. Kawu Bala ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tashar bas, da burodi a hannu, matarsa Anti Rabi ta kira. Ta ce, "Nasiru, kawunka ya tafi." Ta kashe wayar. Bas ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce, ina nan tsaye da burodina.

Akasarinku kun san shi a matsayin dattijon nan mai furfura na sahun gaba a masallacinmu na Edmonton a nan Landan, tsohon ma'aikacin council, wato ƙaramar hukuma. Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa a gaban manya shi ne, fiye da rabin rayuwarsa ya yi yana kaɗa jita a wata ƙungiyar punk, kiɗan nan na Turawa mai gudu da hayaniya. Sunan ƙungiyar ba zai rubutu a nan ba, domin mahaifiyata tana karanta wannan shafi, kuma hawan jininta bai sauka ba.

Gobe bayan Azahar za a kai shi makwanci. Yanzu haka da nake wannan rubutu, abokan kiɗansa biyu, Mick mai ganga da Colin mai waƙa, suna zaune a cikin tsohuwar motarsu a ƙasan benen da gidan Kawu yake. Tun hantsi suke nan. Ba su hau ba, ba su tafi ba. So suke su tsaya a bakin kabarinsa gobe, kuma Anti Rabi ba ta taɓa barin ɗayansu ya tsallake ƙofarta ba.

Ni ne ɗan aike tsakanin mota da bene. Ban nemi wannan sarauta ba.

Bari in gaya muku ko wane ne aka rasa.

Ranar da na sauka ƙasar nan, da riga mai shara-shara da girman kai mai kauri, shi ya tare ni a filin jirgi da kwat a hannu. Na soma jawabin godiya, na ambaci zumunci da tarihin zuriya. Ya saurara har na kai aya, ya ce, "To Malam Ƙamus, sa rigar tukuna, sanyi ba ya jin Larabci."

Daga ranar ban sake jin sunana na yanka a bakinsa ba.

Ya ba ni ɗaki a gidansa. Da na faɗi jarrabawa a zangon farko, mahaifiyata ta kira shi tana tambaya, ya ce mata, "Yaro yana nan yana ƙoƙari." Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ajiye waya, ya miƙo min kilishi, ya ce in ci in koma laburare.

Tarihin ƙungiyar kuwa, daga bakinsa na ji. Yana ɗalibi, yana haya a unguwar Deptford kusa da gadar jirgin ƙasa, wasu samari suka kama wani ɗaki a ƙarƙashin gadar suna hana shi karatu da hayaniya. Ya sauka don ya yi musu faɗa. Ya tarar mai jitarsu ya yi fushi ya tafi, sai ya ɗauki jitar da ya bari. Faɗan da bai yi ba ke nan har ya koma ga Allah.

Na saurari faifansu na farko domin cika haƙƙin zumunci. Ya jama'a, ku ƙaddara an tura kwandon kwanuka daga saman bene, wani kuma yana bin su da ihu. Kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare. Colin yana zagin masu gidan haya, yana zagin council. Daga baya Kawu ya sami aiki a council ɗin, sai ya zama da rana yana yi mata hidima, da yamma yana taya Colin zaginta da jita.

Sauyin farko a salon kiɗansu daga gida Jos ya zo. Mahaifin Kawu direban babbar mota ne, kuma a motar ba a rabuwa da kaset ɗin waƙoƙin kaboyi, irin waɗanda namiji mai kaurin murya ke kukan doguwar hanya da matar da ta tafi. Kawu ya kan ce, "Kaboyi ai ɗan'uwanmu ne. Ga shanu, ga tafiya, ga kewar gida. Hula ce kawai ta bambanta."

Wata tafiya za su wasa arewacin Ingila, ya saka kaset ɗin a mota. Mick ya rantse zai jefar da shi ta taga. A hanyar dawowa Mick ɗin ne ke cewa a mayar da waƙar baya.

Sai suka fara kiɗan kaboyi da gudun punk, wato kaboyin da kare ya biyo. Kawu ya sayi banjo, jitar nan ta kaboyi mai zagayayyen ciki, ya ƙi kaɗa ta yadda Turawa ke yi, ya dinga dukanta daga sama kamar garaya. Masu sharhi suka ce sabon salo ya bayyana a kudancin Landan. Kawu ya ce, "Da sun je garinmu lokacin farauta, da sun huta da rubutu."

A wannan zamani suka yi tashe. Ba tashen da za a tare su a titi ba, amma wanda ya isa a cika ɗaki. Galibin wuraren wasan mashaya ne, ban ɓoye muku ba, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Da fulas ɗin shayinsa yake zuwa, da shi yake komawa.

Ya taɓa kai ni wurin gwajinsu a ƙarƙashin gadar, ya ba ni auduga in toshe kunne. Ana tsakiyar kiɗa Mick ya ɗaga sanduna, ya dubi agogo, ya ce, "Bala, lokaci." Colin ya jawo darduma daga bayan lasifika, ya kakkaɓe ta. Suka fita waje suka tsaya a cikin yayyafi har ya idar da La'asar. Jirgi yana wucewa a sama, ƙasa tana rawa, shi yana sujada.

Sannan sauyi na ƙarshe ya zo, wanda ya raba su da rabin masoyansu. Kiɗan ya fara lafawa. Kowane faifai ya fi wanda ya gabace shi sanyi, har na ƙarshen ya zama kamar hira a zaure, jita ta yi magana, ta yi shiru, ganga ta jira ta. Tsofaffin magoya baya suka ce an ci amanar punk. Colin ya dinga gaya wa masu tambaya cewa girma ne ya zo, fasaha ta nuna. Ni ma na yarda, har na yi muku dogon sharhi a nan kan balagar sauti, wanda mutum biyu suka karanta.

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, makon jiya. Hannunsa na dama yana ƙarƙashin bargo, domin ya daɗe yana makyarkyata, kuma ba ya son a kalla. Don in sa shi dariya na ce, "Kawu, wai me ya sa kuka daina gudu ne? Duniya tana jiran bayani."

Ya ce, "Mick ne ya tsufa. Ba ya iya sauri yanzu. Haƙuri nake yi da shi, kada ka gaya masa."

Ya yi murmushi, ya ce in gyara masa matashi. Na gyara. Abin da na iya yi masa ke nan a duk rashin lafiyar, gyaran matashi.

Ɗazu na shiga motar na zauna a tsakaninsu. Don in rage nauyin shirun, na karya alkawari na gaya wa Mick abin da Kawu ya ce. Na zaci zai yi dariya. Sai ƙaton nan ya kifa kansa a kan sitiyari.

Colin ne ya yi bayani. Ya ce tun kafin likita ya ba ciwon suna, Mick ya ji hannun Kawu yana makara a bayan ganga. Bai ce komai ba, sai ya rage gudu kaɗan. Bayan wani lokaci hannun ya ƙara nauyi, Mick ya ƙara rage gudun. Shi kuma Colin ya koma yana tsara waƙoƙi masu sarari a tsakiya, inda hannu zai huta ba tare da kowa ya lura ba. Mutane suna raguwa a wurin wasa, ana zaginsu a jarida, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar, ko a tsakaninsu.

Mick ya ɗago ya ce, "Ni har gobe ina iya gudun. Amma da wa?"

Na buɗe ƙofar motar na fita.

Na hau bene. Kafin wani ya zargi Anti Rabi, ya sani ita ta sha maganar mata a wuraren suna da biki, ita aka kira matar makaɗin mashaya, ita ta haɗiye ta yi murmushi. Na tarar da ita a ɗaki da carbi. Na durƙusa, na fara, "Ranki ya daɗe, haƙiƙa tarihi zai shaida cewa..."

Ta ce, "Nasiru, ba taron siyasa ba ne. Faɗi abin da ya kawo ka."

Na faɗa mata duka, da gajerun kalmomi, abin da ban saba ba.

Ta ajiye carbin. Can ta ce, "Hannun ai na sani, ni nake sa masa maɓallin riga. Ban dai san su ma suna sa masa nasu ba."

Ta share ido da bakin mayafi, ta koma Anti Rabin da muka sani. Ta ce, "Su zo. Ba kiɗa, ba waƙa. Su sa kayan mutane. Wannan ƙaton kuma ya rufe kansa. Ba za a kai mijina makwanci jama'a suna kallon wancan abin ba. In bai rufe ba, ya tsaya a bakin titi."

Domin waɗanda ba su taɓa ganin Mick ba: kansa a aske yake ƙwal, kuma tun yana saurayi aka zana masa ƙoƙon kan matacce a kai, daga goshi har ƙeya, yana dariya da haƙora duka.

Liman ya ce ko da yake ba Musulmi ba ne, babu laifi su tsaya a baya, su bi gawa. Na sauka na kai albishir. Colin ya ce, "In ba za mu yi kiɗa ba, me za mu yi masa?" Na ce, "Ku tsaya kawai. In an fara zuba ƙasa, ku ma ku zuba." Suka dubi hannayensu, su biyun, kamar yau suka fara ganinsu.

Ya Allah, ga bawanka Bala ya zo gare ka. Ka san sahun da ya tsaya, ka san ɗakunan da ya shiga, ka san abin da ya sha a cikinsu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya ɓoye a ƙarƙashin bargo ya zama kaffara. Yadda ya rufa min asiri a wurin mahaifiyata, ka rufa masa a gabanka. Ka ba Anti Rabi juriya, ka sanyaya zuciyar duk wanda ya ƙaunace shi. Duk wanda idonsa ya kai nan, ina roƙonsa ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya sa shi a addu'ar Magariba.

Yanzu kuma, ya ku masu girma, ga maƙasudin wannan doguwar tsayuwa.

Colin ya samu, kaftanina ya shige shi, ko da yake a ƙwauri ya tsaya. Mick ma wani ɗan'uwa ɗan Gana a Peckham ya ara masa babbar riga. Hula ce ta gagara. Mun gwada duk na Kawu, kowace ta zauna masa kamar murfin buta a kan tukunyar biki. Na kawo shawarar hular sanyi, Anti Rabi ta ce ba ɗan daba aka gayyata ba, shi ma Mick ya ce irin ta Bala yake so ko babu. Na auna kan da wayar caja, wayar ta ƙare ba ta haɗu ba.

Saboda haka, idan a cikinku akwai wanda Allah ya yi wa yalwar kai, ko yana da suruki mai irin wannan baiwa, ya taimaka ya ara min hula zuwa gobe da hantsi. Zanna ce, ƙube ce, ko tsohuwa ce, ba ma zaɓe. Zan zo in karɓa da kaina, ko ina ne jirgin ƙasa na Overground ke zuwa. Ba zan faɗi sunanka ba, ba zan tambayi yadda aka yi kanka ya kai haka ba.

Mick ya daɗe yana rage gudu yana jiran Kawu. Kada mu bar shi a bakin titi saboda hula.