Addu'ar da Aka Ja wa Labule

Masu tambaya ko Rifkatu mai ɗinki ta Karmo ta daina waya ne, ga ni. Ban yi fushi da kowa ba. Jinya na yi.

Da jinin al'ada abin ya fara. Ya zo ya ƙi tafiya. Ciki ya riƙa tasowa har kwastomomi suna yi mini barka, ni da autana ya kusa gama sakandare.

Na sha maganin ƙarin jini, na sha zoɓo, na sha duk abin da aka ce wata ta sha ta warke. Ranar da na faɗi a kan keken ɗinki, mijina Bitrus ya ce ya isa haka.

A asibiti aka yi hoto, aka auna jini. Likita ta ce, "Madam, ƙari ne a mahaifa, kuma jininki ya yi ƙasa sosai. Sai tiyata. In kika ƙara jinkiri, zuciyarki ba za ta ɗauka ba."

Na ce a'a. Mahaifiyata da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, gawarta aka kai mana garinmu Uke. Aka ba ni gado, ana ƙara mini jini yana zuba, likita kullum tana roƙona. Kuɗin aikin ma Bitrus ya sayar da babur ya haɗa. Tsoro ne kawai, har addu'a ta gagare ni.

A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa da ta karye a ƙugu, ana ce mata Mama Terez. Ba Hausa, ba Turanci. 'Yarta Anjel, mai aure a Kuje, ke jinyar ta.

Ranar Lahadi matan zumuntarmu ta coci suka zo duba ni, da kwanukansu da waƙarsu. Suna cikin waƙa sai tsohuwar ta miƙo hannu wajena, ido rufe, tana magana ƙasa-ƙasa da yaren da ba wanda ya taɓa ji. Kun san mu. Nan take shugabarmu ta ja labule tsakaninmu, ta fiddo man zaitun, ta ce, "Jinin Yesu! Duk abin da ake aikowa, ya koma!"

Anjel ta ɗaga labulen, ba fushi. Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Mommy, ba tsafi ba ne o. Mamana yana miki addu'a ne. Tun da aka kawo ki yake yi."

Kunya ta rufe mu duka.

Bayan sun tafi, Anjel ta ba ni labari. Mutanensu Gbendere ake ce musu, can ƙasar Kwango. Ba su da yawa. Ta ce a cocinsu da yaren Lingala ake karatu da wa'azi, amma in abu ya yi zafi, uwarta da yarensu take kai kuka gun Allah. Na ce ai mu ma haka, da Hausa muke karatu, yaren gida yana gefe.

Tsohuwar ta tambayi ciwona. Da aka fassara mata, sai ta dube ni ta yi magana. Anjel ta ce, "Wai ƙanwarsa irin wannan jinin ya kama shi. Likita na da nisa. A cikin kwalekwale ya mutu, suna hanya. Wai ke naki likitan yana tsaye a kanki yana roƙonki, me kike jira?"

Na yi kuka kamar yarinya. Da likita ta zo zagaye na ce mata na yarda.

Ana tura ni ɗakin tiyata na ji bakina yana addu'a da yaren mahaifiyata, wanda rabona da shi tun rasuwarta.

An cire ƙarin. Ɗinkin ya yi ciwo, tari ma sai na riƙe ciki, amma yau ga ni a kan keke.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likita da nas-nas, da Bitrus, da matan zumunta, waɗanda suka dawo da tuwo kwano biyu, ɗaya na Mama Terez.

Ta warke ta koma ƙauyensu. Ku sa mutanen Gbendere a addu'a, su sami asibiti kusa, su ji Maganar Allah da yarensu.

Ke kuma 'yar'uwa, in jini ya wuce kwanakinsa, kada ki tsaya shan zoɓo, je a duba ki. Abin da na yi ta gudu, wata a kan ruwa ta mutu tana neman sa.