Fuskar Baba Gerbrand Mai Goge

A ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 1659, ana tsakiyar tatsar shanun yamma, babban rashi ya auka wa ƙauyenmu: Ubangiji ya karɓi ran Baba Gerbrand mai goge, gagarabadan makaɗa, sarkin da ya yi mulkinsa a tsaye kan gangar giya, bai taɓa faɗowa ba sai sau ɗaya, shi ma laifin gangar ne.

Baba Gerbrand, wa zai ƙirga alherinka? Babu amaryar da aka kai ɗaki a ƙauyen nan ba da kiɗanka ba, ko da ladan bai wuce yankan cuku da busasshen kifi ba. Shekarar da ruwa ya ɓalle ya cinye gonaki, kai ka tsaya kan madatsa kana kiɗa, maza na jidar laka, har aka toshe ɓarakar. Shi kansa limamin cocinmu, mai tsine wa rawa kowace Lahadi, an ga ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin teburi ranar auren ƙanwata. Ya ce sanyi ne.

Sai dai ka tafi ka bar mu da wata gagarumar matsala. A bazarar bana Lubbert mai zane ya zo daga birnin Haarlem domin ya zana bikin shekara na ƙauyenmu, da kai a tsakiya. Ya gama masu rawa da takalmansu na katako, ya gama ganga, har karen mai masaukin ƙauyenmu ya samu wutsiyarsa. Fuskarka ce kaɗai ta gagare shi, domin da bakan goge ya taɓa tsirkiya sai kanka ya fara kaɗawa.

“Tsoho, don Allah ka tsaya kamar gawa!” in ji Lubbert.

“Yi haƙuri ɗan birni,” ka ce masa, “wannan aikin ban koye shi ba tukuna.”

Aka ɗage zaman sai bayan girbi. Girbi ya zo, bai same ka ba.

Da matarka, Inna Neeltje, ta ga allon zanen, da jikinka da gogenka da farin fili a inda fuska za ta zauna, sai ta riƙe hannun mai zane ta ce tana tsoron ranar da za ta rufe ido ta neme ka ta rasa. Majalisar dattawan masauki ta zauna, ta yi nazari mai zurfi har ƙasan kofuna, ta zartar da cewa 'yarka Aaltje ta gaji hancinka da haɓarka. Aka ɗora ta kan ganga da hularka. Ta tsaya cak, kamar yadda Lubbert ya daɗe yana mafarki. Ya zana, hanci ya fito, haɓa ta fito, amma mai fuskar baƙo ne.

“Wannan wane mai gadin maƙabarta ne?” in ji Inna Neeltje. “Mijina bai taɓa yin shiru da fuska haka ba. Ke, ungo gogen, ki daina yi mana kunyar ƙarya. Kin ɗauka ban san abin da kike yi a garken shanu ba?”

Aaltje ta ja bakan goge. Baba Gerbrand, da ka ga ikon Allah! Idonta na hagu ya rufe, harshe ya leƙo ta gefen baki, kai ya karkace, kamar an tashe ka daga kabari. Lubbert bai ce kowa ya tsaya ba. Hannunsa ne ya bi kiɗan da gudu. Da ya ja baya, Inna Neeltje ta daɗe tana duban allon, sannan ta ce, “Ga ja'irin nan.”

Yanzu allon yana rataye a masauki, yana fuskantar gangarka, kuma an tsayar cewa Aaltje ce za ta hau ta a bikin baɗi.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya yafe kurakuranka, har da waƙar nan da ka yi wa magajin gari. Ya ba Inna Neeltje da Aaltje haƙuri da tsawon rai, ya sanyaya zukatan dukan waɗanda suka taɓa rawa a gabanka. Ya sa ka huta, Baba, ko da yake mun san ba za ka tsaya cak ba. Amin.