Matar Ticha Ta Gan Su Suna Motsi

Ni ce masaniyar 'yan fim a unguwarmu, alhali ban taɓa taka ƙofar silima ba. Lokacin an gama yaƙin basasa ba da jimawa ba, Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato, ni kuwa ina budurwa, ina taya Inna kitso a rumfar tsakar gida. Abin da na taɓa gani da idona bai wuce majigin gwamnati ba, wanda ake kawowa fili a nuna yadda ake shuka gyaɗa a layi.

Ilimin nawa daga Yaya na same shi. Direban gingimari ne, yana kai dawa Kaduna, in lodi ya tsayar da shi can sai ya shiga silima. Yakan dawo mini da katunan da ake samu a cikin cingam, masu hoton 'yan wasan Indiya da na kaboyi, in tara su a gwangwanin madara. Yana cin tuwo ina tsugune gefensa ina tambaya. Wannan mai gashin baki, in ji shi, kwandastan bas ne kafin a gano shi. Wancan mai ƙaton tumbi bai taɓa kai ƙarshen fim da rai ba, kullum kashe shi ake yi. Akwai wata mai ɗigon baƙi a haɓa, wadda tun tana ƙarama ake sa ta a fim don ta ciyar da iyayenta. Ita na fi so. Abin da Yaya bai sani ba in cike da kaina. Da la'asar matan da ke jiran layin kitso su kewaye ni, in riƙa ɗaga kati ina ba da tarihi, har mai tsifa ta manta da kanta.

Ana haka aka kawo sabon malamin firamare, ya kama haya a bayan gidanmu. Matarsa Kirista ce, 'yar Kambari daga wajen Beri, amma ta yi shekaru a Kaduna tare da shi. Matar Ticha muke ce mata. Ranar da ta fara zuwa kitso ta tarar ina yabon mai ɗigon haɓa, ina cewa duk ƙasar Indiya babu mai zaƙin muryarta.

Ta karɓi katin ta duba, ta yi murmushi. Ta ce, "Ƙanwata, ai ba ita ke waƙar ba. Baki kawai take motsawa. Wata ce daban take rerawa, ba a nuna fuskarta."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ticha ya karanta mini a mujalla. Kuma na gan ta a fim uku, wani muryar waƙar siririya, wani mai kauri."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta dubi Matar Ticha ta ce, "Ke 'yar nan, kin gan ta? Tana motsi?"

Sai Matar Ticha ta miƙe da rabin kai a tsefe, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta yi taku uku, ta waiwayo ta kaɗa ido. Mata suka ɗauki shewa. Ni kuwa aka bar ni riƙe da gwangwani. Shekara biyu ina kallon fuskar nan a kan kati, ban san yadda take waiwaye ba.

Daga ranar masu jin labari suka koma wajenta. Ba da mugunta take yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. In na ce wane mijin wance ne, sai ta ce a fim ne kawai, a gida kowa da nasa. In na ce wannan ya yi ritaya, ta ce a'a, tsufa ya yi, yanzu uban yarinya yake fitowa. Na fara kwaikwayon Hausarta a bayan idonta, don takan ce wa mace "ya zo". In kanta ya faɗo hannuna in ja gashin har sai ta runtse ido, ita kuwa ta ce, "Hannunki da kyau, kitsonki yana daɗewa."

Wata Laraba ta zo tana ba da labarin fim ɗin da mai ɗigon haɓa ta fito a makauniya. Kowa ya saki baki. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Allah sarki, ai ta mutu. Mota ce ta kife da ita. Yaya ya ji a Kaduna."

Na zaci za ta yi gardama. Sai ta dafe ƙirji, ta zauna a kan turmi, hawaye suka zubo. Ta ce fim ɗin makauniyar nan shi Ticha ya kai ta gani bayan ta yi ɓarin cikinta na fari, lokacin da ta ƙi ci ta ƙi magana, kuma a nan ta samu ta yi kukan da ya tsaya mata a wuya. Mata suka hau ba ta haƙuri kamar an yi mata rasuwa. Na so in ji daɗi, ban ji ba. Har kukan nata na yi wa hassada, don ita tana da abin tunawa, ni ƙaryata ce kawai a hannuna.

Bayan kwana shida Yaya ya dawo. Yana sallama tsohuwa mai daddawa ta tare shi da ta'aziyya. Ya ce ta wa? Da aka yi masa bayani ya yi dariya har da riƙe bango.

"Shekaranjiya na wuce fastar sabon fim ɗinta a Kaduna. Wa ya kashe ta?"

Duk ido ya dawo kaina. Sai da mutane suka watse, sannan Inna ta ce in ɗauki mayafi in je in gaya wa baiwar Allah da bakina. Na tarar tana tankaɗen garin masara. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce labarin nan ba gaskiya ba ne. Ta ajiye rariya ta rungume ni, gari ya ɓata mini riga, tana cewa, "Na gode Allah! Yayanki ya ji ba daidai ba ke nan." Ban gyara mata ba. Har ta ce in Ticha zai je Kaduna hutu za ta roƙi Baba ya bar ni in bi su. Ta roƙa kuwa. Baba ya ce 'yarsa ba ta shiga gidan kallo, na koma ɗaki na ji haushinta fiye da nasa.

Damina na ƙarewa aka yi wa Ticha canji zuwa Bangi. Ranar da ake loda kayansu na ce kaina ke ciwo, Inna ce ta kai mata ƙullin kuka da daddawa.

Bayan mako guda mata suka ce in ci gaba da ba su labari. Na buɗe baki, sai na ji nata nake bayarwa: makauniya, da mai waƙar da ba a nuna fuskarta, da tsohon jarumin da ya koma uban yarinya. Har na miƙe na ja mayafi na yi takun nan uku. Suka yi shewa, amma tsohuwa mai daddawa ta girgiza kai ta ce, "Da saura. Ita kafaɗar hagu take fara juyawa."